Ɗalibi, Kansila da Kwatar Unguwa

Ka tambayi ɗalibin babbar sakandare rassan gwamnati uku, zai rattabo maka su ba gargada: majalisa, zartarwa da shari'a. Sai ka ƙara masa da cewa, wa ke da alhakin kwashe bolar da ta toshe kwatar layinsu, kuma wane ne kansilan mazaɓarsu? Nan za ka ga ya yi zuru. Darasin zama ɗan ƙasa nagari ya shiga jarrabawar WAEC tun 2014, amma a makarantu da yawa hadda ce kawai, a zuba a takarda a wuce.

Amurkawa ma sun daɗe suna kuka da wannan cuta, kuma ɗaya daga cikin magungunan da suka gwada shi ne wani shiri mai suna Project Citizen, wanda cibiyar Center for Civic Education da ke jihar Kalifoniya ta fito da shi a tsakiyar shekarun 1990. Daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama, har da Bosniya bayan yaƙinta. Tsarinsa ba wuya. 'Yan aji su ne za su zauna su kawo matsalolin da ke damun unguwarsu, su yi muhawara, su kaɗa ƙuri'a su zaɓi ɗaya. Daga nan su bazama neman bayani: su yi hira da mazauna wurin, su duba abin da doka ta ce, su gano ofishin da abin ya rataya a wuyansa. Sai aji ya kasu gida huɗu. Wasu su bayyana matsalar, wasu su auna hanyoyin da za a iya bi, wasu su tsayar da wadda aji ya amince da ita, na ƙarshe kuma su tsara yadda za a shawo kan hukuma ta karɓa. A ƙarshe su tsaya gaban manya, a yi musu tambayoyi, su kare matsayinsu da hujja.

A ganina, gishirin shirin yana wajen neman mai alhakin nan. Mu Hausawa mun san aikin gayya, kuma abu ne mai kyau matasa su fito da shebur da baro su yashe kwata. Sai dai yaron da ya yashe kwata ya koyi taimakon jama'a ne kurum. Damina mai zuwa kwatar za ta sake cika. Wanda ya buɗe kundin tsarin mulki na 1999 ya ga cewa Jadawali na Huɗu ya ɗora kwashe shara da kula da kasuwanni, tashoshin mota da banɗakunan jama'a a kan ƙaramar hukuma, ya rubuta takarda, ya kai sakatariya, aka ce masa ya dawo gobe, ya kuma dawo, wannan ya fara sanin yadda mulki ke tafiya. Ko da ba a gyara kwatar ba, ya gane cewa kansila wakilinsa ne, ba mai yi masa alfarma ba. Ya kuma ɗanɗani abin da littafi ba ya koyarwa: yadda ake rasa ƙuri'a a cikin aji, a haƙura, a yi aiki da ra'ayin da ya yi rinjaye.

Ba kowa ne ya yi na'am da wannan hanya ba, ko a can inda ta fito. A 2018 jihar Masacusets ta yi dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati bai wa ɗalibai damar yin irin wannan aiki da su za su jagoranta, da sharaɗin kada ya karkata ga wata jam'iyya. Jihar Tekzas kuwa a 2021 ta bi ta ɗaya gefen, ta hana malamai ba da maki a kan aikin neman sauya manufar gwamnati. Tsoron da ake ji shi ne malami ya mai da yaran mutane 'yan amshin shatar ra'ayinsa. Tsoro ne mai tushe, musamman a wuri irin namu da ba a rasa mai neman yaran da za su riƙe masa kwalaye. Maganinsa shi ne malami ya kame bakinsa wajen zaɓen matsala, ya tsaya a kan koyar da ladabin tambaya, tantance labari da rubuta wasiƙar hukuma.

Abin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa ko sabuwar manhaja. Zango guda ya isa, da aji ɗaya, da matsala ƙarama wadda ido ke gani: famfon da ya lalace, ko titin gaban makaranta da motoci ke gudu a kansa lokacin tashi. Shugabannin makarantu su ba malamai izini, iyaye da masu unguwanni su buɗe ƙofa idan yaran sun zo da tambaya, kansiloli kuma su daure su saurare su.