Windows Server ba ta kamuwa da cuta? Ƙarya ce, kuma mai tsada

Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, wani saƙo ke ta yawo a zaurukan WhatsApp na masu shagunan buga takardu da ɗalibai a Haɗejiya, ya kai har Malam Madori da Auyo da Kafin Hausa. Saƙon cewa yake ka goge manhajar da ke kan kwamfutarka ka ɗora Windows Server, wai irin wadda bankuna ke aiki da ita. Wai ta fi sauri, wai kyauta ce, wai ba ta kamuwa da ƙwayar cuta, saboda haka ba ruwanta da sabuntawa. A ƙarshe ga adireshin da za ka sauko da wadda “an riga an buɗe”, da umarnin ka kashe manhajar kariya ta Defender kafin ka fara.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda ba. Yawancin kwamfutocin da ake neman abinci da su a garin nan na hannu ne, HP da Dell da aka sayo daga Titin Beirut a Kano. Windows 11 kuwa tana neman TPM 2.0 da masarrafar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ga shi da yawa daga cikin namu zubi na 6 ne ko na 7. Kuɗin sabuwa babu. Data ta yi tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, wuta kuma tana iya ɗaukewa ana tsakiyar sabuntawa. Mutumin da ke cikin wannan hali, aka ce masa ga mafita kyauta, dole ya saurara. Wanda ya zauna ya tsara saƙon ne ba ni da uzurin da zan yi masa, haka ma mai gyaran da ya san gaskiya amma ya tura don a kawo masa aiki.

Akwai gaskiya ɗaya a ciki: manhajar uwar garke, wato Windows Server, tana da dogon wa'adi. Windows Server 2022 za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har Oktoban 2031, kuma galibi tana hawa kan tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi. Iyakarta ke nan. Batun sauri ba shi da tushe, domin an saita ta ne ta fifita ayyukan da ke gudana a bayan fage a kan wanda ke gabanka. Batun kyauta ma haka. Wadda Microsoft ke bayarwa ta gwaji ce ta kwana 180, in wa'adin ya cika sai kwamfutar ta riƙa mutuwa da kanta duk bayan awa guda, lasisin gaske kuma ya haura dala 1,000. A bugun 2019 da 2022 sauti a kashe yake zuwa, Wi-Fi ma sai ka kunna shi da hannu, kuma ba kowace firinta ko na'urar ɗaukar zanen yatsa ke yarda ta yi aiki a kanta ba.

Duk waɗannan ɓata lokaci ne kawai. Abin da zai cuci mutane shi ne cewa ba ta kamuwa da cuta.

Windows Server da Windows ta tebur tushensu ɗaya ne. Shi ya sa a Talata ta biyu ta kowane wata Microsoft ke fitar musu da gyaran tsaro tare, sau da yawa ma ɓaraka ɗaya ake toshewa a dukkansu. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Uwayen garke na cikin waɗanda ta kama. Maganin ɓarakar kuwa ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin harin; waɗanda ba su sabunta ba su ne suka sha wuya. To wannan sabuntawar ce saƙon ke cewa ka bari.

In ka ga uwar garken banki tana zaune lafiya, ba sunan manhajar ne ya kare ta ba. Ba wanda ke shiga Facebook a kanta, ba wanda ke soka mata filash, kuma akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan su tsare ta dare da rana. Kwamfutar shago kuwa kamar randa ce a bakin kasuwa, kowa ya zo da moɗarsa. Ɗalibin kwalejin Binyaminu Usman ya kawo filash zai buga aikin makaranta, na bayansa ya jona waya zai fitar da takardar NIN. Ko wace manhaja ka ɗora, in babu kariya, za ta kamu.

Sai kuma fayil ɗin da “an riga an buɗe”. Wanda ya iya taɓa manhaja ya cire mata makulli, ya iya saka mata abin da ya ga dama. A watan Disambar 2021 kamfanin tsaro na Red Canary ya bayyana yadda ake cusa cutar Cryptbot a cikin jabun KMSPico, ɗan manhajar nan da masu gyara ke buɗe Windows da shi. Aikinta kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza da bayanan asusun kirifto ta aika wa mai ita. Ba na cewa kowane fayil irin wannan yana ɗauke da cuta. Amma mai shago ba shi da hanyar rarrabe mai kyau da mugu, kuma abu ɗaya da zai iya yi masa gargaɗi shi ne Defender ɗin da aka ce ya kashe.

Ka tuna abin da ke cikin kwamfutar: lambobin NIN da BVN na jama'a, hotunan fasfo, takardun JAMB, jerin sunayen ƙungiyoyin manoman shinkafa na fadama da lambobin asusunsu, lissafin dillalan kifi. Ba naka ba ne, amana ce. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta ɗora nauyin tsare su a kan wanda ya karɓa.

Mafita tana nan, ko da ba ta da daɗin ji kamar ta saƙon. Wasu kwamfutocin suna da TPM, a kashe kawai yake a BIOS, mai gyara na gari zai duba. Microsoft ya buɗe wa masu Windows 10 tsarin ƙarin gyaran tsaro har 13 ga Oktoba, 2026. Wanda aikinsa rubutu ne da shiga intanet, Linux Mint ko Ubuntu kyauta ne na halal, sai dai mai CorelDraw ya sani ba zai tashi a kansu kai tsaye ba.

Wanda ya riga ya bi saƙon, ya cire kwamfutar daga intanet, ya canza kalmomin sirrinsa ta wata na'ura daban, ya sake ɗora manhaja daga shafin Microsoft kansa. Masu kula da zauruka kuma, don Allah ku goge adireshin nan, ku faɗa wa jama'arku dalili.