Yaba Na Neman Dillalai

Duk wanda ya daɗe a Ikko ya san Yaba da makarantunta da kasuwar Tejuosho. Amma tun shekarar 2011, lokacin da Bosun Tijani da abokinsa Femi Longe suka buɗe wani zaure mai suna CcHub a kan titin Herbert Macaulay, unguwar ta yi wani sabon suna. Samari masu ilmin kwamfuta suka riƙa taruwa a can, kowa da burinsa na kafa kamfani. A 2016 mai Facebook da kansa, Mark Zuckerberg, ya zo ya leƙa su. A 2020 kuwa wani kamfanin Amurka, Stripe, ya sayi Paystack, wanda samari biyu suka kafa a Ikko, a kan kuɗi fiye da dala miliyan 200.

To, mai karatu yana iya cewa, ina ruwan biri da gada? Ni da nake sayar da albasa a Mile 12, ko goro a Agege, me ya haɗa ni da su?

Abin da ya haɗa ku shi ne ciniki. Waɗannan samari sun iya ƙera manhaja, amma manhaja ba ta iya sa mai tumatir ya yarda ya damƙa cinikinsa na yini ga kamfanin da bai taɓa ganin ƙofarsa ba. Sai an sami mutum ya taka da ƙafa, rumfa rumfa, ya gaisa, ya yi bayani, ya rubuta sunan mai rumfa, ya ba shi na'urar POS ya koya masa, kana ya komo ran da kuɗi suka maƙale a hanya ya sha faɗa. Da irin waɗannan wakilai Moniepoint da OPay suka cika kasuwanni, balle ma a farkon 2023 da canjin kuɗi ya sa takardar Naira ta yi wuyar gani.

Wannan aiki kuwa ba baƙonmu ba ne. Tun da aka kafa Sabo ta Ibadan a 1916, falke kan zo da shanu daga Arewa ya sauka gidan fatoma, dillalin gidan ya sayar wa mahautan gari bashi, ba takarda ba hatimi, maigida ya tsaya a kan kuɗin, dillali ya ɗauki la'adarsa. Sanin wanda ke biya da wanda ke taurin bashi shi ne jarinsu. Yaron da ya tashi a zango yana jin Hausa da Yarbanci da Turancin buroka, lalle yana riƙe da abin da masu digirin Yaba ba su da shi. Abin takaici dai, da yawa daga cikin yaranmu ba su san kuɗi ba ne a hannunsu.

Sai dai a shiga da ido buɗe. Kafin ka karɓi riga mai tambarin kamfani, ka tambaya: albashi ne, ko la'ada zalla? Mutum nawa za ka kawo a wata, kuma in ba su cika ba fa? Kuɗin mota wuyan wa? A rubuta duka a takarda, gama nan ba gidan fatoma ba ne. Sa'an nan ka sani yawancin ƙananan kamfanonin nan da kuɗin masu zuba jari suke numfashi, kuma doka ɗaya tana iya kife su. Da gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birni ran 1 ga Fabrairu 2020, Gokada ya sallami ma'aikata ya koma kai saƙo, OPay kuma ya daina ɗaukar fasinja a babur cikin shekarar.

Babbar magana ita ce mutuncinka. In ka ja 'yan'uwanka suka zuba kuɗi a kamfani ya rushe, masu shi ba su san hanyar masallacin unguwarku ba, kai ne za a tare bayan sallar asuba. Saboda haka in harkar ajiya ce, ka nemi ganin lasisin Babban Bankin Nijeriya, ka kuma tabbata hukumar NDIC ta tsaya wa kuɗin masu ajiya. In rance suke bayarwa, ka san ko da ruwa a ciki tun kafin Alhaji ya tambaye ka a gaban jama'a.

Zaurukan Yaba sukan kira taro, wasu ma kyauta ake shiga, inda masu sababbin kamfanoni ke baje kolin tunaninsu. Wanda ya sami sarari ya je, kada kuma ya rakuɓe a baya don kunyar Turanci. Idan wani ya tashi yana bayanin yadda zai gyara cinikin kayan gwari daga cikin wayarsa, ka ɗaga hannu ka tambaye shi wa zai ɗauki asara in mota ta lalace a Jebba da kwandunan tumatir a ciki.