Bayani Ga Mai Niyyar Sayen Babban Injin Buga Hoto

Zuwa ga 'yan kasuwa na Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Ku sani samari da yawa suna neman jari wurin iyayen gidansu don su sayi injin buga manyan hotuna. Wanga bayani domin mai ba da kuɗin ne da mai karɓa. Sayen doki ba shi ne wahala ba, dawar da zai ci kullum ita ce abin lissafi. To, dawar wanga inji ita ce tawada.

Na farko, injin iri biyu ne. Akwai na hoto tsantsa, irin Canon imagePROGRAF PRO-4100 da Epson SureColor P9500. Kowanensu shina buga takarda mai faɗin inci 44, kuma gidajen tawada 12 gare shi. Babban gida ɗaya shina ɗaukar mililita 700. Ke nan wanda ya cika su duka ya sayi lita 8 da 'yan kai tun bai sayar da hoto ko ɗaya ba. Aikinsa kyakkyawa ne, hoton shina daɗewa bai koɗe ba.

Akwai kuma na leda, wanda ake buga tallar shago da hoton 'yan takara da shi. Yawancinsu ƙirar Sin ne, kala 4 suke ci, tawadarsu a gora ake sayar da ita lita-lita, ta kuma fi sauƙin kuɗi nesa. Ledar tana jure rana da ruwa, amma fuskar amarya ba ta fita kamar a na farko.

Na biyu, ba dukan tawadar da ka saya ke hawa takarda ba. Ranar da aka ɗaura sabon inji, wani kaso shina tafiya wurin cika jijiyoyinsa. Bayan haka, kowane lokaci injin ya wanke kansa, tawada yake zubarwa. Ƙurar hunturu da zafin bazara suna toshe kan, balle in an bar shi kwana da kwanaki ba aiki. Kamar buhun gero ne da ɓera ya huda: ba ka auna wa kowa ba, amma tiya ta ragu.

Na ukku, babban gida ya fi ƙarami araha, yadda sayen buhu ya fi sayen mudu. Sai dai tawada tana da wa'adi rubuce a jikinta. Mai aiki kaɗan in ya sari da yawa, ta lalace hannunsa. Tawadar da ba ta kamfani ba tana da rangwame, amma in ta kashe kan inji, kamfani ba shi biya.

Na huɗu, tawada da takarda da kai duk daga waje suke zuwa, farashinsu dala yake bi. A watan Yuni 2023 aka saki darajar naira, cikin Fabrairu 2024 dala ta haura naira 1,500. Tallafin fetur kuma an janye shi a Mayu 2023, ga shi in wuta ta ɗauke sai janareta.

Saboda haka kafin a miƙa kuɗi a tambayi dillali abu ukku: nawa ne cikon tawada duka, nawa ne sabon kai, ina makaniki yake? In sai an kira shi daga Kano ko Legas, a sa kuɗin motarsa cikin lissafi, da kwanakin da shago zai yi rufe.

Wanda ke Gusau shina samun aiki kullum, inji shina iya riƙe kansa. Wanda ke Tsafe ko Bunguɗu, aikinsa sai biki da Salla da kakar zaɓe, gara ya tara aikin mako ya kai Gusau a buga mashi, ya ci ribarsa, jarinsa yana aljihu. In aiki ya yawaita har ya rinjayi kuɗin mota, sannan a yi maganar saye.

Wassalam.