Cinikin Biri a Sama: Yadda Tsofaffin Kwalaben Giyar Inabi Ke Kunyata Masu Tara Su

Ranar 5 ga Disambar 1985, a zauren gwanjo na Christie's da ke Landan, aka fito da wata tsohuwar kwalba gaban masu tayi. Babu takarda a jikinta, sai rubutun da aka karta a kan gilashin: shekarar 1787, sunan gonar Lafite, da haruffan "Th.J." Aka ce ta Thomas Jefferson ce, shugaban Amurka na uku, wanda ya yi jakadanci a Faransa kafin ya hau mulki. Guduma ba ta sauka ba sai a kan fam 105,000. Christopher Forbes, ɗan gidan masu mujallar Forbes, shi ya yi gaba da ita. Kafin ranar, ba a taɓa sayen kwalbar giya ɗaya da tsada haka ba.

Aka kai ta New York, aka kafa ta a ɗakin baje koli, aka dallare ta da fitilu. Zafin fitila ya busar da toshiyar bakinta, ta motse, ta zurma ciki. Ko da a ce abin da ke cikin na gaske ne, ya riga ya tashi daga aiki. Daga baya kuma aka fara tambayar ko na gasken ne.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da giyar Turawa, abin da addinin yawancinmu ya haramta. Gaskiya ne, kuma ba tallarta na zo yi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne irin cinikin. Malaman fiƙihu sun daɗe da kawo misalin sayar da kifi a ruwa ko tsuntsu a sama, wato cinikin abin da mai saye bai san haƙiƙaninsa ba. Ga shi kuwa a Turai da Amurka da Hong Kong akwai kasuwa sukutum da ta tsaya a kan haka. Mutum zai zuba dukiya a kan rufaffiyar kwalba, ya ajiye ta shekara ashirin, kuma ba shi da hanyar sanin lafiyarta sai ranar da ya buɗe. Ranar da ya buɗe kuwa, ta daina zama kadara.

A ɗauki mai tarin kwalabe da ya gayyato abokai don wata kwalba da ya saya tun shekarar da aka haifi ɗansa. Ya sauka ɗakin ƙasa, ya ɗauko ta a hankali kamar ƙwai, ya goge ƙura, ya zare toshiya, ya tsiyaya kaɗan ya kai hanci. Maimakon ƙanshin da littattafai suka yi masa alkawari, sai warin jiƙaƙƙen kwali ya buge shi, irin na ɗakin da damina ta wuce ba a buɗe ba. Babu gyara. Sai dai a tuttule ta a magudana, a koma neman wata.

Laifin na toshiya ne. Ana yin ta da ɓawon wata bishiya da ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum, kuma kusan rabin abin da duniya ke amfani da shi daga Fotugal yake zuwa. Sai bishiyar ta kai shekara 25 ake fara saɓule mata ɓawo, daga nan kuma sai duk bayan shekara tara. Idan wani nau'in fumfuna ya haɗu da sinadarai masu kulorin a cikin ɓawon, yakan haifar da wani sinadari da ake kira TCA. Wani masani ɗan Suwizalan, Hans Tanner, shi da abokan aikinsa ne suka gano shi a farkon shekarun 1980. Ba ya cutar da lafiya, amma hancin ɗan Adam na jin sa ko da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan ba. Kuma bai san gona mai suna ba, bai san ta talaka ba. Wannan ne ya sa wasu manoman inabi na kwarin Clare a Ostareliya suka haɗa kai a 2000 suka koma ga marfin ƙarfe na murɗawa, na New Zealand suka bi sahu a shekara mai zuwa.

Abokin gaba na biyu iska ce. Kaɗan daga cikinta ita ke nunar da giya a hankali. Idan ta yi yawa sai launi ya koma na ruwan shayi, ɗanɗano ya lafe. In kuma wasu ƙwayoyin halitta suka sami iskar, sai su juya barasar ta koma ruwan khal, abin da Louis Pasteur ya yi bayaninsa tun shekarun 1860. Shi ya sa ake kwantar da kwalabe a gefe don toshiya ta zauna a jiƙe, ake kuma ajiye su a duhu, a sanyin da bai wuce digiri 12 zuwa 13 ba. Mai saye a gwanjo yakan ɗaga kwalba ya duba inda ruwan ya tsaya: in yana wuya, madalla, in ya gangaro kafaɗa, to iska ta sami ƙofa. Duk da haka kulawa ba ta ba da tabbas. Masu tara farar giyar yankin Burgundi sun ga haka da amfanin gonar tsakiyar shekarun 1990, inda kwalabe masu tsada suka riƙa tsufa tun lokacinsu bai yi ba. A akwati guda sai a sami wannan garau, ta kusa da ita ta mutu.

Sai kuma laifin mai kayan. Yawancin giyar da ake yi a duniya ba don ajiya aka yi ta ba. Ta 'yan shekaru ce. Ko wadda ke jure ajiya tana da ganiya, kuma daga ganiya sai gangara. Mai tari yakan yi ta jiran ranar da ta cancanci kwalbarsa, ranar ta ƙi zuwa, har kwalbar ta ƙare a tsaye.

Duk wannan ƙaddara ce ko sakaci. Wanda ya fi ciwo shi ne na ɗan Adam. Kwalbar Forbes ta fito ne daga hannun wani Bajamushe mai kiran kansa Hardy Rodenstock, tsohon manajan mawaƙa, wanda ya ce an tsinci kwalaben a bayan wani toshasshen bango a Paris. Bai taɓa nuna gidan ba. Masu bincike a Monticello, gidan Jefferson, sun ce ba su ga shaidar cewa kwalaben nasa ne ba, alhali mutum ne mai rubuta ko kwabon da ya kashe. Aka yi kunnen uwar shegu da su. A 1988 attajirin Amurka Bill Koch ya sayi huɗu daga cikin kwalaben a kan kusan dala 500,000. Sai a 2005, da za a nuna kayan tarinsa a wani gidan tarihi na Boston, aka nemi asalin kwalaben aka rasa. Ya ɗauki tsohon jami'in FBI ya bi sawu. An kai su ga masanin kimiyya Philippe Hubert a Bordo, mai auna burbushin siziyam 137, wanda bai bazu a duniya ba sai bayan fashewar bama-baman nukiliya daga 1945. Gwajin bai kama su ba. Abin da ya tona asiri rubutun gilashin ne: masana suka ce da na'ura mai aiki da lantarki aka karta shi. Rodenstock ya mutu a 2018 yana musantawa.

Na biyunsa ya fi shi ɓarna. Rudy Kurniawan, matashi ɗan Indonesiya da ke zaune a Kalifoniya, ya sayar da giyar kusan dala miliyan 35 a gwanjo biyu kacal a 2006. A Afrilun 2008 aka sa wasu kwalabensa a kasuwa masu ɗauke da sunan gonar Ponsot, nau'in Clos Saint-Denis, na shekarun 1945 zuwa 1971. Laurent Ponsot, mai gonar, ya hau jirgi ya zo New York da kansa ya sa aka janye su. Hujjarsa gajeriya ce: gidansu bai fara yin wannan giyar ba sai 1982. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Da FBI suka shiga gidan Kurniawan a Maris na 2012, sai ga dubban takardun manna wa kwalba, da hatimai, da tsofaffin toshiyoyi, da kwalabe a jiƙe a wurin wanke-wanke don takardunsu su saki. A ɗakin girki yake haɗa giya mai arha da wata, ya ɗura, ya liƙe. An ɗaure shi shekara goma a 2014, aka tasa ƙeyarsa gida a 2021.

Abin lura a nan shi ne, manyan masana sun sha kwalaben mutanen nan biyu, sun yaba, wasu har da rubutawa. Ba harshe ne ya kama su ba. Lissafin shekara ne da sawun na'ura. A 2008 masu bincike daga Caltech da Stanford sun ba mutane giya ɗaya sau biyu, aka ce musu wannan ta dala 10 ce, waccan ta dala 90. Suka ce mai tsadar ta fi daɗi, na'urar hoton ƙwaƙwalwa kuma ta nuna sashen jin daɗi ya fi motsawa da gaske. Ba ƙarya suka yi ba. Farashin ne ya riga ruwan isa baki.

Ashe abin da mai tari ya biya ba ruwan cikin kwalba ba ne kaɗai. Suna ya saya, da shekara, da labarin da zai ba baƙo. Shi ya sa da yawa ba sa buɗewa, sai su mayar gwanjo, wani ya saya shi ma ya ajiye. Muddin toshiya na bakinta, labarin na nan daram. Kwalbar da ta yi warin kwali ko ta koma khal, ko ba komai ta faɗi gaskiyarta a ranar da aka tambaye ta. Ta Kurniawan kuwa daɗi ta yi wa masu sha, har suka nemi ƙari.

A ƙarshen 2015 jami'an gwamnatin Amurka suka tantance abin da aka ƙwace daga hannunsa. Na gaske aka yi gwanjonsu don rage wa waɗanda aka cuta asara. Sauran, fiye da kwalba 500, aka kai su wata bola a Texas aka murƙushe, da takardunsu da shekarunsu duka.