Kwana Huɗu a Bisa Teku, Mu Biyu Kaɗai

A watan Janairu na 2019 muka yi wani abin da ba mu taɓa yi ba tun ran da Allah ya ba mu ɗan fari. Muka ɗaure kaya, muka danƙa 'ya'yanmu uku a hannun ƙanwar uwargida, muka tafi hutawa cikin jirgin ruwa, daga maigida sai uwargida. Abin da ya fi ba abokanmu mamaki shi ne jirgin da muka zaɓa, gama jirgi ne wanda aka ƙera musamman domin iyali masu yara. Wani ma ya yi mana dariya, ya ce, "Kun gudu daga yara uku, kun faɗa cikin yaran duniya duka."

A lokacin nan shekararmu 16 da aure, muna zaune a ƙasar Amurka inda aiki ya kai mu. Babban ɗanmu yana da shekara 14, mai bi masa 11, 'yar auta kuwa 7. Ba mu da wani faɗa a gida, amma zance ya ƙare a tsakaninmu. In mun buɗe baki, ko dai kuɗin haya ne, ko wanda zai kai yara makaranta, ko wanda zai ɗauko su. Ƙanwar uwargida ce ta fara lura. Wata rana ta ce, "Yaya, yaushe rabonki da ki zauna da maigidanki ku yi hira, ba yaro a tsakani?" Uwargida ta yi ta lissafi, ba ta iya tunawa ba.

Gaya wa yara gaskiya

Jirgin na kamfanin Disney ne, watau masu ɓeran nan na majigin yara da ake kira Mickey Mouse. Ba yaro a Amurka wanda bai san shi ba. Saboda haka gwajin farko ya same mu tun ba mu bar gida ba. Maigida ya ce a gaya musu taro za mu tafi. Uwargida ta ce, "Baban yara, in sun ga hotuna daga baya fa, da wane ido za mu dube su?"

Muka tara su muka faɗa musu inda za mu, da ran da za mu komo, da dalilin tafiyar. Manyan biyu suka ce ba kome. 'Yar auta ta fashe da kuka, ta ƙi cin abinci daren nan. Ba mu yi mata alkawarin abin da ba mu da ikon cikawa ba. Mun dai ce mata Baba da Mama suna bukatar lokacin zama tare, kamar yadda ita ma takan so ta yi wasa da ƙawarta ba tare da yayyenta ba. Muka bar wa ƙanwar uwargida takardar izinin kai yara asibiti da sa hannunmu, da lambar likita, da ta makaranta.

Gari guda a bisa ruwa

Ran Litinin muka isa tashar Port Canaveral a jihar Filorida. Lalle gani ya kori ji. Sunan jirgin Disney Dream, an ƙera shi a garin Papenburg na ƙasar Jamus, ya kuwa fara aiki a 2011. Tsawonsa mita 340 ne, watau ya fi filin ƙwallo uku a jere. Yana da ɗakunan kwana 1,250, yana iya ɗaukar fasinja 4,000, ma'aikatansa kuma sun fi 1,400 daga ƙasashe dabam dabam. Mu muka kama ɗaki mafi araha, na can ciki wanda ba shi da taga. A maimakon taga akwai wani gilashi mai zagaye a bango, yana nuna hoton teku daga na'urar ɗaukar hoto da ke waje.

Kafin jirgi ya tashi sai aka busa ƙaho, gajere sau 7, dogo sau ɗaya. Kowa ya tafi wurin da aka rubuta masa, aka nuna mana yadda ake sa rigar ceto da inda ƙananan jiragen ceto suke. Wannan doka ce ta dukan duniya. Bayan da jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya cikin Janairu 2012, mutum 32 suka mutu, sai aka tsananta ta, har daga 2015 ya zama tilas a koya wa fasinja wannan kafin a tashi ko kuwa nan da nan da tashi.

Me ya sa muka zaɓi jirgin yara? Dalili na fari, babu gidan caca a jiragen wannan kamfani, alhali yawancin manyan jiragen yawo suna da shi. Na biyu, wasannin da ake yi da dare a babban ɗakin kallo irin waɗanda mutum zai iya kallo ne tare da 'ya'yansa ba tare da jin kunya ba. Amma kada mu ɓoye muku, ana sayar da giya a ciki, akwai ma ɓangare guda na mashaya wanda da dare manya kaɗai ke shiga. Wanda ba ya sha ba abin da zai kai shi can, gama shayi da lemo kyauta ne a wurin cin abinci da kuma saman jirgi.

Dare na fari

Ana cin abincin dare kashi biyu, na fari wajen ƙarfe shida saura kwata, na biyu wajen takwas da kwata. Masu ƙananan yara sun fi son na fari, don haka muka zaɓi na biyu. Akwai manyan ɗakunan cin abinci uku, kowane dare kuwa a sabon ɗaki mutum zai ci, amma masu kawo masa abinci su ne za su bi shi duk inda ya koma. Kafin kwana biyu sun riga sun san uwargida tana son barkono, har su kawo mata tun ba ta roƙa ba.

Sai dai daren farko bai yi mana daɗi ba. Muka zauna muna duban juna kamar baƙi. Duk maganar da aka ɗauko sai ta koma kan yara. Can wata yarinya ta wuce da rigar gimbiya, tsawonta daidai da na 'yar autarmu. Uwargida ta ajiye cokali, hawaye suka zubo. Maigida ya hasala, ya ce, "Maman yara, shekara biyu muna tara kuɗin nan, ashe kuka muka zo saya?" Ba wanda ya ƙara cewa uffan.

Bugu da ƙari, tsakanin Filorida da tsibiran Bahamas akwai wani babban kogi mai gudu a cikin tekun kanta, wanda ake kira Gulf Stream. Sa'ad da jirgi yake ƙetare shi yakan yi tangaɗi, balle in akwai iska. Maigida, wanda ya yi ta cika baki cewa shi ba ya jin jiri, shi ne ya kwana da tashin zuciya. Uwargida ta tashi ta jiƙa masa citta da ruwan zafi, ta zauna kusa da shi har barci ya ɗauke shi. Da gari ya waye ya ba ta haƙuri, muka yi addu'a tare, muka ɗaura alkawari guda. Kowace yamma za mu aika wa yara saƙo sau ɗaya mu ji lafiyarsu, sauran yinin kuwa waya tana cikin akwati.

Nassau da tsibirin manya

Ran Talata muka sauka a Nassau, babban birnin Bahamas, ƙasar da ta sami mulkin kai daga Ingila a 1973. Yawancin mutanenta jikokin 'yan Afirka ne waɗanda aka kai can bauta. Muka je muka ga wani tsani mai matakai 66 wanda bayi suka sassaƙa cikin dutse wajen 1793, yana hawa zuwa wani tsohon sansanin soja. Muka hau shi a hankali muna riƙe da hannun juna. A can sama muka daɗe muna zancen mutanen da aka raba da matansu da 'ya'yansu har abada, mu kuwa rabuwar kwana huɗu ta sa mu kuka. Wannan ce hirarmu ta fari wadda ba kuɗin makaranta a ciki.

Kashegari jirgi ya tsaya a Castaway Cay, wani ƙaramin tsibiri wanda kamfanin ya karɓa haya daga gwamnatin Bahamas a 1997 na shekara 99. Iyaye da yara suka nufi gaɓarsu da iho da murna. Mu kuwa muka shiga 'yar motar da ke bin wani tsohon filin jirgin sama zuwa Serenity Bay, gaɓar da ba a yarda wa wanda bai kai shekara 18 ba ya shiga. Wurin shiru, sai motsin ruwa da kukan tsuntsaye.

A nan ne uwargida ta faɗi abin da ta daɗe tana ɓoyewa. Ta ce tana so ta koma karatu ta ƙarasa koyon aikin jinya wanda haihuwa ta katse mata, amma tana tsoro kada maigida ya ga kamar ta raina ƙoƙarinsa. Maigida shi ma ya buɗe cikinsa, ya ce wata shida ke nan ana rage ma'aikata a wurin aikinsu, barci ma ba ya samu, bai kuwa faɗa ba don kada ya tayar mata da hankali. Ashe kowannenmu yana ɗauke da kaya mai nauyi, muna kwana ɗaki ɗaya, ɗaya bai san na ɗaya ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Namu bangon ya fara tsagewa ba mu sani ba.

Yara a ko'ina, amma ba su dame mu ba

Mai karatu zai so ya sani ko hayaniyar yara ba ta hana mu sakewa ba. Gaskiya yara suna da yawa, wurin iyo na tsakiya kuwa kamar kasuwa yake da rana. Amma an shirya jirgin da dabara. Yara suna da nasu manyan ɗakunan wasa bisa ga shekarunsu, da masu lura da su, har da wurin renon jarirai. Manya kuma suna da nasu wurin iyo da ɗakin shan gahawa, da ɗakunan cin abinci guda biyu, Palo mai abincin Italiya da Remy mai na Faransa, waɗanda ake ƙara kuɗi kafin a shiga. Ran Alhamis, da jirgi ya yini a tsakiyar teku, muka ci abinci a Palo domin tunawa da ranar aurenmu.

Ganin yaran ma ya yi mana amfani. Da muka ga wani uba yana fama da ɗa mai kuka a kafaɗa, jaka a hannu, sai muka dubi juna muka yi murmushi, muka tuna tamu wahalar da muka sha tare. A teburinmu an haɗa mu da waɗansu tsofaffi, miji da mata, waɗanda su ma ba su zo da kowa ba. Tsohuwar ta ce wa uwargida, "'Yata, yara baƙi ne, za su tafi. Wannan da yake gefenki shi za a bar miki."

Ga mai niyyar irin wannan tafiya

Abin yana da tsada, jiragen wannan kamfani ma sun fi yawancin sauran tsada. Kuɗin yakan sauka lokacin da makarantu suke buɗe, kamar ƙarshen Janairu da watan Satumba, amma a tuna daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne a wannan teku. A ware kuɗin tukuici domin masu kawo abinci da mai gyara ɗaki, gama da shi suke taimakon iyalinsu da suka baro watanni. Mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi. Mace mai ciki wadda ta kai mako 24 ba a ɗaukarta. A kuma bincika hanyoyin jiragen tun da wuri, domin abubuwa sun sake tun bayan tafiyarmu. An ƙara sababbin jirage, kamar Disney Wish a 2022 da Disney Treasure a 2024. Wanda ba ya son ganin yaro ko ɗaya kuma, akwai kamfanoni irin su Virgin Voyages, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2021, ba ya karɓar wanda bai kai shekara 18 ba.

Mun sani yawancin masu karatunmu ba za su shiga irin wannan jirgi ba, kada kuwa kowa ya ci bashi dominsa. Daidai ruwa daidai tsaki. Abin da ya warkar da mu shi ne mun sami wurin zama mu saurari juna. Ana iya samun wannan a gidan wani ɗan'uwa a wani gari, ko a masaukin baƙi mai araha na kwana biyu, ko ma a gindin itace da yamma bayan an kai yara wurin kakarsu. Sharaɗin dai shi ne a bar su a hannun amintacce, a gaya musu gaskiya, a kuma komo ran da aka ce.

Ran Jumma'a muka iso gida. 'Yar auta ta fara ɓata rai, amma ba a jima ba ta haye cinyar uwarta tana tambaya ko mun ga ɓeran. Yanzu manyan biyu sun bar gida, ita ma saura kaɗan. Uwargida ta gama karatunta, tana aikin jinya. Tun daga wannan tafiya muka keɓe yammacin kowace Alhamis, mu fita mu biyu ko da zagaya unguwa ne a ƙafa, har yau kuwa ba mu fasa ba. Maigida da uwargida masu karanta wannan, ku fa, yaushe rabonku da hira?