Gida Mai Koriyar Ƙubba

Duk wanda ya shiga Abuja ya nufi gindin Dutsen Aso, zai hango wani farin gini mai koriyar ƙubba a ka. Nan ne Majalisar Dokoki ta Tarayya. Fari da kore kuwa launin tutar Nijeriya ke nan. Gwamnati ta taso daga Ikko a 1991, tun daga 1999 kuma wakilan ƙasa suke zama a wannan gida.

Zaure biyu ne a ciki. Na dattawa mai jajayen kujeru ne, na mutum 109, watau uku uku daga kowace jiha, ɗaya daga Abuja. Na wakilai mai korayen kujeru ne, na mutum 360. Fadar Shugaban Ƙasa da Kotun Ƙoli suna kusa, amma kowa da gidansa, don kada iko ya taru a hannu ɗaya.

Mu malamai mukan nuna wa yara hotonsa, sai su ce, "Ai wannan gidan manya ne." Mukan ce musu mu ma muna da kujera uku a ciki: ta sanatan Zamfara ta Arewa, da ta Ƙauran Namoda da Birnin Magaji, da ta Shinkafi da Zurmi. A can ake amincewa da kuɗin tsaro da na manyan hanyoyi. Manomin Zurmi da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, a can ya kamata a ji kukansa.

Iyaye, mu san sunan wakilinmu, mu rubuta masa. Ran da ya dawo neman ƙuri'a kuwa, mu tambaye shi abin da ya faɗa a ƙarƙashin ƙubbar nan.