YADDA A KE HORON MASU BISHARA A MAKARANTUN ƘAUYE

Duk akawu ko malamin makaranta wanda aiki ya taɓa kai shi ƙauyukan Filato, ko kudancin ƙasar Zazzau, ko Tangale, ko Adamawa, ya san wani mutum da a ke kira mai bishara. Gidansa yana jikin majami'a, gonarsa tana bayan gari tare da ta kowa. Ran Lahadi shi ke jagorantar sujada, sauran kwanaki kuwa shi ke duba marasa lafiya, ya sasanta miji da mata, ya karanta wa tsoho wasiƙar ɗansa da ke birni. Da yawa daga cikinmu mun yi hulɗa da irin waɗannan mutane, amma kaɗan ne suka san inda a ke horonsu da irin horon da a ke ba su. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ɗan bayyana wa masu karatu, Musulmi da Kirista baki ɗaya, domin sanin maƙwabci yana cikin abubuwan da ke gyara zaman gari.

Da fari dai, a bambanta mai bishara da fasto. Fasto shi ne wanda aka naɗa, aka ba shi iznin yin baftisma da ba da Jibin Ubangiji da ɗaura aure. Mai bishara yana ƙarƙashinsa, shi ke zaune a ƙaramin ƙauye yana wa'azi yana koyarwa, fasto kuwa ya riƙa zagayowa lokaci lokaci. Fasto guda ya kan duba ƙauyuka da dama, saboda haka nauyin yau da gobe a wuyan mai bishara ya ke.

Asalin al'amarin

Turawan Mishan sun fara neman shiga ƙasar nan tun kafin mulkin Ingilishi ya kafu. A shekarar 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin shigowa Arewa. Biyu na fari suka mutu a 1894, Bingham kaɗai ya koma gida, kuma shi ne ya ci gaba da ƙungiyar da aka sani da S.I.M., wadda ta sami wurin zama na fari a Patigi a 1902. A 1904 wani Bajamushe, Dokta Karl Kumm, ya kawo ƙungiyar S.U.M. ta sauka gindin dutsen Wase. Mutanen Danmak suka kafa tasha a Numan a 1913, sa'an nan a 1923 Stover Kulp da Albert Helser na Ekklesiyar 'Yan'uwa suka zauna a Garkida.

To, da Gwamna Lugga ya ci Sakkwato a 1903 ya yi alkawari Gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulunci ba. Saboda wannan alkawari aka daɗe a na taƙaita shigar Mishan cikin ƙasashen sarakunan Musulmi, sai yawancin aikinsu ya koma ga ƙabilun da ke bin addinin gargajiya, a kan duwatsu da kwaruruka inda ko hanyar keke babu. Nan fa wahala ta bayyana. Bature guda ba ya iya zagaya ƙauyuka ɗari, zazzaɓi yana kayar da shi, kuma in ya ƙware a harshen wannan dutse, da ya tsallaka rafi sai ya tarar da wani harshe dabam. Ba da daɗewa ba suka gane gaskiyar Bahaushe da ya ce da ɗan gari a kan ci gari. In dai a na son aikin ya ɗore, wajibi ne a hori 'yan ƙasa su yi shi da kansu.

Me ya sa Hausa?

Makaranta guda ba ta iya koyarwa da harsuna ashirin. Ɗalibin da ya fito daga Langtang Tarok ya ke ji, na Panyam Mwaghavul, na Forom Birom, kuma ba wanda ke jin na ɗan'uwansa. Abin da ya haɗa su shi ne Hausar kasuwa, wadda fatake da ma'aikatan En'e da 'yan haƙar kuza suka riga suka yaɗa. Kuma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausar boko, Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, aikin da Likita Mila na Zariya ya fi kowa shan wahalarsa tare da abokan aikinsa Turawa da Hausawa. Da littafi ya samu, sai hanyar makaranta ta buɗe. Wannan shi ne dalilin da ya sa har yanzu za ka shiga majami'u da yawa a Filato ko Adamawa ka ji a na addu'a da waƙa da Hausa, alhali ba Bahaushe ko ɗaya a wurin.

A farkon shekarun 1930 S.I.M. ta buɗe makarantar Baibul a Kagoro, daga baya ta buɗe waɗansu a wurare irin su Biliri a ƙasar Tangale. S.U.M. kuma ta buɗe tata a Gindiri, cikin Lardin Filato na wancan zamani, a 1934, Bature William Bristow ne shugabanta na fari. Ekklesiyar 'Yan'uwa ta kafa makarantar da aka sa wa sunan Kulp a 1960, wadda mazauninta ke Kwarhi kusa da Mubi.

Zaman makaranta

Wanda ya san makarantar Midil ta da, in ya leƙa makarantar Baibul ta wancan lokaci zai yi mamaki. Ɗaliban ba yara ba ne. Magidanta ne, waɗansu da furfura, waɗanda jama'ar majami'arsu suka shaidi halinsu suka aiko su. Mutum ya kan zo da matarsa da 'ya'yansa da fartanyarsa, a ba shi ɗaki, a yanka masa gona. Abin da ya noma shi zai ci. An shirya lokutan karatu yadda ba za su ci karo da aikin damina ba, domin ɗalibin da ya bar gonarsa ta yi ciyawa, yunwa ce za ta kore shi kafin jarrabawa.

Cikin aji a na bi da su littattafan Baibul ɗaya bayan ɗaya, a koya musu yadda a ke shirya wa'azi, da tarihin Ekklesiya, da waƙoƙin sujada, da yadda a ke shirya mutum domin baftisma. Ban da wannan a na gyara musu karatu da rubutu da lissafi, domin waɗansu da kyar su ke haɗa baƙi in sun zo. A na koya musu tsabta da kiwon lafiya, watau haƙa masai, da kiyaye ruwan sha, da wanke miki. A ƙarshen mako sai a rarraba su bibbiyu ko uku-uku su shiga ƙauyukan kewaye su gwada abin da suka koya, in sun komo malami ya ji yadda suka yi ya gyara musu.

Matan ma ba a bar su a baya ba. A na yi musu aji nasu, a koya musu karatu da ɗinki da renon yara da tafiyar da taron mata. Hikimar abin ita ce, a ƙauye akwai ɗakunan da namiji baƙo ba ya shiga, matar mai bishara ce kaɗai ke iya shiga. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata da a ke gani yau da ɗinkinsu iri ɗaya da tulunansu na kiɗa, matan masu bishara suna cikin waɗanda suka raya su a ƙauyuka.

A Kwarhi an ba noma muhimmanci ƙwarai. An koya wa ɗalibai huɗa da garmar shanu, da amfani da taki, da kula da dabbobi, da nufin in mutum ya koma ƙauye gonarsa ta zama abin koyi. Masu karatunmu da suka yi almajiranci za su ga wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Malamin allo ma tun da can yana noma tare da almajiransa, yana ci daga guminsa da abin da jama'a suka kawo masa. Na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya shi ya tarar.

Kada a zaci talauci kaɗai ya sa aka yi haka. Shugabannin Mishan suna da ra'ayi cewa Ekklesiyar da kuɗin Turai ke ciyar da ma'aikatanta ba za ta taɓa tsayawa da ƙafafunta ba. Suna kuma tsoron kada mai bishara ya saba da albashi da takalmi ya ƙi zaman ƙauye, ko jama'a su ɗauke shi yaron Bature. Don haka aka so ya koma gida yana manomi kamar kowa, jama'arsa su taimaka masa da baiko da damin hatsi da gayya a gonarsa.

Amfanin da aka samu

A 1938 aka naɗa fastoci uku na fari 'yan ƙasa a wannan reshe na S.U.M., watau Toma Tok Bot na Forom, da Bali Falang na Langtang, da David Lot na Panyam, dukansu bayan sun yi horo a Gindiri. David Lot daga baya ya shiga siyasa, ya shugabanci jam'iyyar Middle Zone League, ya zama wakili a majalisa. Daga irin waɗannan mutane ne aka sami shugabannin da suka karɓi ragama daga hannun Turawa. A 1954 majami'un S.I.M. suka haɗu suka zama ECWA, a 1955 kuma na S.U.M. da na 'Yan'uwa suka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda yanzu a ke kira TEKAN. Tun kafin 1950 ma 'yan ƙasa na ɓangaren S.I.M. sun kafa ƙungiyarsu ta aika masu bishara zuwa wuraren da Turawa ba su kai ba, da kuɗin da suka tara da kansu.

Malaman makaranta su lura da wannan. A ƙauyuka da yawa ajin farko na karatun boko shi ne wanda mai bishara ya buɗe a zaure ko gindin itace, wanda Gwamnatin wancan zamani ta yarda da shi da sunan ajin koyar da addini. Nufinsa yara su iya karanta Littafi Mai Tsarki, amma wanda ya iya karanta Baibul ya iya karanta takardar haraji da wasiƙa da jarida. Yaran da suka fi hazaƙa a waɗannan azuzuwa su ne suka wuce elementare, suka zama malamai da akawuna da malaman asibiti da sojoji. Gindiri kanta daga makarantar masu bishara ta tofu, har aka sami kwalejin horon malamai, da sakandaren maza a 1950, da makarantar makafi a 1953, da sakandaren 'yan mata.

Inda gizo ke saƙar

Amma fa tsarin yana da nasa ciwo, kuma ba a daɗe ba ya bayyana. Yaron da mai bishara ya koya wa baƙi da wasali ya tafi kwaleji ya komo da Turanci da albashi da keke, malaminsa kuwa yana nan da Hausa da fartanya. Takardar shaidar makarantar Baibul ta Hausa ba ta ba mutum aiki a ofishin En'e ko na Gwamnati. Samari masu ilmi suka fara raina wa'azin tsofaffi, masu hazaƙa kuma suka guji aikin bishara suka nufi koyarwa. Da yawa daga 'yan ƙasa sun zargi Turawan Mishan da jinkirin ba su ilmi mai zurfi, kuma zargin yana da tushe.

Don magance wannan aka buɗe manyan makarantun tauhidi masu koyarwa da Turanci. S.I.M. tana da tata a Igbaja tun shekarun 1940. Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya ta fara karatu a Gindiri a 1959, Dokta Harry Boer ne shugabanta na fari, daga baya ta koma Bukuru. ECWA ta buɗe wata a Jos a 1980. Makarantun Kagoro da Gindiri da Kwarhi su ma duk sun girma sun zama manyan makarantun tauhidi. Sai dai maganin ya zo da nasa ciwon. Wanda ya sami digiri ya fi son majami'ar birni, inda akwai lantarki da makarantar 'ya'yansa, ƙauyen kan dutse kuwa har yau mai bishara na makarantar Hausa shi ke yarda ya zauna a can. Shi ya sa ƙananan makarantun Baibul na Hausa ba su mutu ba, ko da ya ke su ne suka fi ƙarancin kuɗi da littattafai.

Wani nauyi kuma ya ƙaru a wannan zamani, watau rashin tsaro. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Kwarhi, ɗalibai da malamai suka watse da iyalansu, hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa ta yi hijira zuwa Jos na wani lokaci kafin a komo a sāke buɗe makaranta. Wutar da ta ci majami'u a wannan yanki ta ci masallatai ma, kuma limamai da masu bishara duk sun binne mutanensu. Saboda haka abin da a ke koya wa mai wa'azi game da maƙwabcinsa na wani addini ya shafi kowa. A ƙauye, maganar liman ran Juma'a da ta mai bishara ran Lahadi sun fi ta kowane jami'i nauyi, suna iya kashe fitina tun tana ƙarama, suna kuma iya hura ta.

To, shawararmu ga shugabannin Ekklesiya ita ce, kada ɗokin digiri ya sa a yi watsi da makarantun ƙauye. A wadata su da littattafan Hausa masu kyau, a riƙe koyar da noma da sana'a yadda magabata suka yi, a kuma dubi tsufan mai bishara, domin mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana yi wa jama'a hidima bai kamata ya ƙare da bara ba. Akawuna da malaman makaranta kuma, in aikin rigakafi ko na yaƙi da jahilci ko na sulhu ya kai ku ƙauye, ku nemi mai bishara kamar yadda ku ke neman mai gari da liman, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.